Funfunar da ke cin 'yar'uwarta a gindin tumatir

Duk mai noman rani a bakin Galma ya san wannan ciwon: a zuba irin tumatir a bedi, ya tsiro gwanin sha'awa, bayan 'yan kwanaki sai ka ga ƙananan tsiron sun kwanta, gindinsu ya tsuke kamar an ɗaure da zare. Sau da yawa mai laifin wata funfuna ce ta cikin ƙasa, Rhizoctonia solani. To ita ma fa tana da mai cin ta.

Sunanta Trichoderma. A 1932 wani masani a Amurka, Richard Weindling, ya nuna tana far wa Rhizoctonia ta kashe ta. Jikin funfuna zare ne siriri da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya. Trichoderma kan fara sakin wasu sinadarai masu narkarwa kaɗan-kaɗan cikin ƙasa. In sun taɓa wata funfuna, sai su ɓantaro gutsattsarin bangonta, waɗannan gutsattsarin kuwa su ke shaida mata akwai abinci kusa. Sai ta miƙa zarenta wajen, ta nannaɗe na waccan kamar yadda wake ke hawa karan dawa, ta huda bangon, ta shige ta tsotse abin da ke ciki. Bangon nan har da kaitin a cikinsa, wato sinadarin da ke ɓawon farar da ake soyawa a kasuwar Tudun Wada. Saiwar tumatir ba ta da kaitin, shi ya sa makamin da ke narka shi bai shafe ta ba.

Yanzu ana sayar da Trichoderma a leda, gari-gari, a cuɗa da iri ko a zuba a bedi. Amma a ganina nan ake yawan yin asarar kuɗi, don mutane na ɗaukarta kamar maganin feshi, alhali abu ne mai rai. Ledar da ta sha ranar Afrilu a kan teburin mai shago, ƙila gawa ka saya. In kuma ka bi ta da maganin kashe funfuna, wasu magungunan ba sa tantance aboki da maƙiyi. Tana son danshi da ruɓaɓɓen takin gargajiya, kuma dole ta riga cutar kama wuri a jikin saiwa, wato tun ranar zuba iri. Tsiron da ya riga ya kwanta, ba ta tashe shi.