KIFI SHAIDAN RUWA: Bayani ga Hakimai da Malamansu na Ƙasar Karaye da Rogo

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Chalawa a ƙasar Karaye cikin 1992, su da noman rani suka zama abin dogaron mutane masu yawa. Daga nan kogin ke gangarawa gabas, ya wuce kusa da masana'antun jima na Chalawa da Sharaɗa, ya haɗu da Kogin Kano, su zama Kogin Haɗeja. Saboda haka abin da aka zuba a ruwa a Rogo ko Karaye ba nan yake tsayawa ba.

In an ɗebi ruwa a kwalba an kai awo, abin da ke cikinsa a wannan sa'a kaɗai za a gani. Mai yiwuwa ne dafin ya wuce tun shekaranjiya. Amma kifi yana cikin ruwan dare da rana, jikinsa kuwa yana riƙe da labari. Ga yadda masana ke karanta shi.

Cikin jikin kowane kifi akwai ƙwayoyin gado, watau umurnin da aka rubuta na yadda jikin zai yi aiki. Ku kwatanta shi da babban littafin ofishin hakimi. Littafin ba ya fita daga ofis. In wani al'amari ya taso, sai malami ya kwafi shafin da ya dace, a aika. Haka jikin kifi ke yi. In dafi ya shige shi, sai hanta da sauran gaɓoɓi su yi ta kwafar shafin kāriya. Masana su yanki ɗan tsokar hanta, su ƙidaya kwafin da na'ura. Yawan kwafin shi ke nuna cewa kifin ya gamu da wahala, tun bai kai ga mutuwa ba.

Shafi uku aka fi dubawa. Na fari sunansa metalotayonin, yana tashi in kifi ya sha ƙarafa masu dafi irin su tagulla da kadmiyam. Na biyu, CYP1A, yana tashi saboda man fetur da baƙin mai da danginsu. Na uku, bitelojenin, na mace ne, da shi take yin gwaiduwar ƙwai. In aka same shi da yawa a jikin namiji, to, akwai abin da ke rikita haihuwa cikin ruwan. A Ingila, cikin 1994, aka ba da labarin mazan kifi da aka ajiye a bakin magudanan ƙazanta suka shiga yin sa. A Kanada kuma aka zuba ɗan maganin hana haihuwa a wani tafki daga 2001 zuwa 2003, wani irin ƙaramin kifi ya kusa ƙarewa ƙaf.

Sai dai a lura. Awon nan ba ya faɗin sunan mai laifi. Kuma sanyi da zafi, da girman kifi, da lokacin ƙwai, duk suna sāke ƙidayar. Don haka ake gwama tarwaɗa da tarwaɗa, karfasa da karfasa, na wuri mai tsabta da na wurin da ake tuhuma. Nan ne ƙasarku take da daraja, gama tana sama da majemun birni, ruwansu ba ya hawowa gare ku. In ruwanku ya tsarkaka, kifinku ya zama ma'aunin da za a gwada na gangare da shi. Abin da ke ɓata shi kuwa na gida ne: ragowar maganin feshi, da wanke tankin feshi a rafi, da zubar da baƙin man injin ban ruwa, da kisan kifi da Gammalin 20, wanda yarjejeniyar duniya ta Stockholm ta sa dafinsa cikin jerin haramtattu a 2009.

To, ga abin da ake roƙonku:

1. Hakimi ya umurci dagatai da Sarkin Ruwa su kawo labari nan da nan in an ga matattun kifi sun taso.
2. Malami ya rubuta rana, da wuri, da irin kifin, da launin ruwa da warinsa, da feshin da aka yi kusa.
3. A hana ci ko sayar da kifin da aka tsinta matacce.
4. In ma'aikata sun zo awo, a ba su kifi da ransa, domin kwafin nan yana lalacewa da sauri bayan mutuwa.
5. A aika da rahoto ga ofishin muhalli ba tare da jinkiri ba.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya taimaki Sarki, ya ba mu ruwa mai albarka, amin.