Wace babbar manhaja za ta ɗauki rumbun bayanai?

Duk asibiti ko makaranta ko ofishin da ke ajiye bayanan jama'a a kwamfuta yana da wata na'ura guda da ake kira saba, wadda sauran kwamfutocin gidan ke ɗibar bayani a wurinta. A Nassarawa GRA da ke Kano, inda asibitocin kuɗi da ofisoshin ƙungiyoyi suka yi yawa, akan tarar da ita a wani ɗan ɗaki mai sanyi, baturan inbata jere a gefenta. Kafin a zuba mata komai sai an zaɓa mata babbar manhaja, kuma yawanci zaɓin bai wuce Windows Server ko Linux ba.

Manhajar rumbun ce ke fara yanke hukunci. PostgreSQL, wadda tushenta ke Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun 1986, da MySQL da ta fito daga Suwidin a 1995, da MariaDB da ta ɓalle daga gare ta, duk suna aiki kan Windows, amma a kan Linux suka fi sakewa. SQL Server ta Microsoft kuwa sai a 2017 ta fara hawa Linux. Idan wanda ya sayar wa asibiti manhajar rajistar marasa lafiya ya ce kan Windows kaɗai ya gwada ta, to magana ta ƙare.

Sai batun kuɗi, kuma a nan ne abin ke ciwo. Tun fitowar Windows Server 2016 ake lissafa lasisi bisa yawan ƙwayoyin injin lissafin da ke cikin na'ura, kuma kowace saba sai an biya mata na 16 ko da nata ba su kai ba. Farashin da dala yake tafiya. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Shi ya sa wasu ke sa Windows na bogi, abin da bai kamata a yi wa na'urar da ke riƙe da sirrin marasa lafiya ba, balle bayan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023.

A cikin nau'ikan Linux, Debian da Ubuntu kyauta ne, sai dai a duba tsawon lokacin da za a ci gaba da toshe musu ɓaraka. Ubuntu na fitar da nau'in dogon zango duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, ana kula da shi shekara biyar. Na Red Hat goma ne, amma da kuɗi. Waɗanda suka dogara da CentOS 8 sun ji jiki da aka yanke kulawarta a ƙarshen 2021, da yawansu suka koma Rocky Linux ko AlmaLinux.

Ɗaukewar wuta ba ruwanta da sunan manhaja. Idan ta ɗauke ana tsakiyar rubuta bayani, tsarin ajiyar fayil irin su ext4 da XFS a Linux, ko NTFS a Windows, kan gyara kansa in an sake kunnawa, amma abin da bai kai faifai ba ya tafi. Don haka batir mai riƙe saba kafin janareta ya tashi ya fi gardamar manhaja muhimmanci, haka ma kwafin da ake ajiyewa kullum a wani gini daban.

Saura wanda zai kula da ita. Sabar Linux galibi ba ta da hotunan dannawa, umarni ake rubuta mata, kuma masu gyaran kwamfuta a Kano sun fi sabo da Windows. Ofishin da ma'aikaci ɗaya tak ya san Debian, ya kamata ya sa shi ya rubuta yadda ya tsara komai, ya kuma koya wa na biyu, tun kafin wani aiki ya ɗauke shi zuwa Abuja.