Cinikin Jirgin Ruwa Na Hannu Ta Intanet A Ƙasar Ringim

Jirgin ruwa na hannu ya shiga sahun kayan da ake tallatawa kyauta a intanet, tare da motoci da babura da injinan ban-ruwa. Mai jirgi kan ɗauki hotonsa da waya, ya rubuta tsawonsa da kuɗin da yake nema, ya sa lambarsa, ya ɗora a shafin talla ko a zauren WhatsApp, ba tare da ya biya ko sisi ba. Ga mutanen ƙasar Ringim, waɗanda Kogin Haɗejiya ya ratsa gonakinsu, wannan hanya ta faɗaɗa kasuwa ƙwarai, domin mutum yana zaune a ƙofar gidansa zai ga jirgin da ke Yawuri ko Lakwaja ko Legas. Sai dai sayen jirgi ya bambanta da sayen waya ko firji, saboda kaya ne da ake ɗora rayukan mutane a kansa.

Kogin da masu buƙatar jirgi

Kogin Haɗejiya ya samo asali ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa. Ya bi ta Wudil, ya shigo Jihar Jigawa ta yankin Ringim, ya wuce Taura da Miga da Auyo, ya nufi Haɗejiya da fadamun Nguru. Manyan madatsun ruwa biyu ne ke sarrafa shi daga sama: ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa, wadda aka kammala a 1992. Tun da aka gina su, ruwan ya daina ƙafewa da rani kamar da, kuma hakan ya ba ciyawar kacala damar yaɗuwa tana toshe hanyoyin ruwa. A watannin Agusta da Satumba kuwa kogin kan cika ya batse. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye gonaki, sun rushe gidaje, sun yanke hanyoyi, har ƙauyuka da dama suka koma ba a shigarsu sai da kwale-kwale.

Masu sayen jirgi a yankin sanannu ne: masunta, 'yan fito masu ƙetarar da mutane da babura da kayan kasuwa, manoman da gonakinsu ke hayin kogi, da masu ɗibar yashi. Buƙatarsu tana tafiya ne da yanayi. Idan ruwa ya kawo, kowa na neman jirgi, farashi ya tashi, mai saye kuma ba ya samun sukunin bincike. Idan ruwa ya janye, sai wanda ya saya don larura ya nemi rabuwa da shi. Saboda haka rani ne lokacin da mai saye ya fi samun rangwame da damar duba kaya a tsanake.

Yadda shafukan talla ke aiki

Babban shafin ƙananan tallace-tallace a Nijeriya shi ne Jiji, wanda aka kafa a Legas a 2014, ya kuma saye harkokin OLX na Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka a 2019. Yana da sashe na musamman na jiragen ruwa a ƙarƙashin ababen hawa. Facebook ma ya buɗe kasuwarsa ta Marketplace a 2016. Saka talla kyauta ne, kamfanonin na samun kuɗi ne daga masu biya don a ɗaga tallarsu sama.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, shafin allon sanarwa ne kurum. Ba ya duba jirgin, ba ya tsayawa shaida, kuma ba shi zai biya mutum ba idan an cuce shi. A tsohon tsari, cinikin jirgi kan gudana ne a bakin mashaya, a gaban Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci da ya san tarihin jirgin tun ranar da aka sassaƙa shi. Dillali kan karɓi la'adarsa, amma idan kaya suka zama na sata ko suka fito da aibi, an san gidansa. Wayar hannu ta kawar da la'ada, amma ta tafi da wannan lamuni. Aikin da dillali da Sarkin Ruwa suke yi ya dawo wuyan mai saye.

Galibin jiragen da ke manyan shafukan daga biranen bakin teku suke, kamar Legas da Fatakwal. Kwale-kwalen katako irin na Arewa an fi cin karo da shi a zaurukan WhatsApp da Facebook, inda hoto da saƙon murya suka wadatar.

Jirgin da ya dace da kogin

Ana samun jirage iri uku a kasuwa. Akwai wanda aka fafe daga gungumen itace guda, wanda ya yi ƙaranci saboda manyan itatuwa irin su maɗaci sun ragu. Akwai na katako da aka harhaɗa da ƙusa, aka toshe tsakaninsa da tsumma ko auduga da kwalta, kuma shi ya fi yawa a kogunan Arewa. Sai na faiba ko na ƙarfe, wanda ya fi tsada ya kuma fi ƙarko.

Kogin Haɗejiya ba shi da zurfi a mafi yawan shekara, ƙasansa yashi ne, gefensa ciyawa. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa shi ne ke tafiya a irin wannan ruwa, ana tura shi da gora ko a tuƙa da filafili. Jirgin da aka ƙera don teku mai tsinin ƙasa ne, domin ya riƙa yanka igiyar ruwa, kuma yana buƙatar zurfi. Idan aka kawo shi Ringim, zai riƙa kafewa a yashi. Haka ma inji: mai doguwar ƙafa zai riƙa taɓo ƙasa, kacala ta nannaɗe farfela, yashi ya cinye famfon da ke sanyaya shi. Ƙaramin inji mai gajeriyar ƙafa, mai ƙarfin doki 15 zuwa 25, ya fi dacewa da matsakaicin jirgin fito, kuma Yamaha na cikin waɗanda kayan gyaransu suka fi samuwa.

Sai kuma kuɗin ɗauko shi. Daga Legas zuwa Ringim ya haura kilomita 1,000, kuma dogon jirgi sai babbar mota. Idan aka haɗa kuɗin mota da na lodi da na saukewa da gyaran abin da ya fashe a hanya, jirgin da ya yi araha a waya kan iya fin wanda kafinta zai ƙera sabo tsada.

Duba jirgi kafin biya

Gani ya kori ji, kuma hoto ba gani ba ne. Mai saye kan tafi da kafintan jirgi ko gogaggen ɗan fito. Farkon abin yi shi ne a fitar da jirgin tudu a kife shi, domin ciwonsa a ƙasa yake. Ana bin katakon da ƙaramar guduma: lafiyayye kan yi amo mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi dum. Inda aka yi shakka sai a soka tsinin wuƙa. Idan ta shige ba da wahala ba, katakon ya mutu. Ana duba kan ƙusoshi, domin tsatsa kan cinye su daga ciki, ta bar baƙin zobe a jikin itace. Ana neman hanyar gara, musamman a jirgin da ya daɗe a ajiye a ƙasa. Sabon fenti ko kwalta mai kauri a wuri guda abin tuhuma ne, don sau da yawa tsaga ake rufewa da su.

Daga nan sai a mayar da shi ruwa. Jirgin katako da ya sha rana yakan buɗe, kuma yana buƙatar ya jiƙa kafin katakon ya kumbura ya haɗe, saboda haka 'yar yoyon farko ba ta isa hukunci ba. Bayan ya jiƙa sai a kwashe ruwan cikinsa tas, a loda masa buhunan yashi daidai nauyin da ake son ya riƙa ɗauka, a bar shi na wani lokaci. Abu biyu ake lura da su: yawan ruwan da ya shigo, da tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa. Jirgin da bakinsa ya kusa shafar ruwa a mashaya, ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta cika shi a tsakiyar kogi.

A jirgin faiba, ana neman tsaga da ƙuraje a ƙasansa, a taka daɓensa a ji ko yana lotsawa, a kuma jijjiga allon baya inda ake ɗaura inji. A cikin allon nan sau da yawa katako ne aka lulluɓe, kuma idan ruwa ya shige shi yakan ruɓe ba tare da an gani daga waje ba.

Inji kuwa a sanyinsa ake tayar da shi, domin wanda aka riga aka ɗumama kafin mai saye ya iso yana ɓoye wahalar tashi. Ba a tayar da shi sai ƙafarsa na cikin ruwa. Da ya kama, siririn ruwa zai riƙa tsartuwa daga bayansa, alamar famfon sanyaya na aiki. Ana kwance fulogi a duba, a kuma ɗan buɗe man giya: idan ya yi fari kamar madara, ruwa na shiga. Lambar da ke jikin injin dole ta dace da ta rasit, kuma wadda aka kankare alama ce ta kayan sata.

Salon 'yan damfara

Damfarar da aka fi yi ita ce ta kafin alƙalami. Ɗan damfara kan kwafi hoton jirgin wani, ya sa farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, ya ce masu nema sun yi yawa, sai a turo wani abu don ya ajiye. Wani kan ce kayan gwanjon kwastan ne, a biya kuɗin fom. Wani kan ce an riga an loda a mota, saura kuɗin direba. Da kuɗi sun shiga, lamba ta daina shiga. Kiran bidiyo kai tsaye na rage wannan haɗari, idan aka sa mai tallar ya zagaya jirgin, ya nuna lambar inji, ya kuma nuna fuskarsa. Wanda ya ƙi yin haka ya riga ya ba da amsa.

Mai sayarwa ma ba a bar shi ba, domin akwai alat ɗin banki na bogi. Ba a sakin kaya sai mutum ya buɗe asusunsa da kansa ya ga kuɗin sun zauna. Dokar damfara ta 2006 da dokar laifukan intanet ta 2015 sun tanadi hukunci kan waɗannan laifuka, kuma ana kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, tare da sanar da banki nan take. Amma dawo da kuɗi ya fi hana su fita wuya.

Fiƙihun Malikiyya, wanda mutanen yankin ke bi, ya daɗe da tsara irin wannan ciniki. Risalar Ibn Abi Zaid ta halatta sayar da abin da ba ya wurin bisa siffantawa, amma ta hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a karɓa, sai idan kayan na kusa ko kuma irin waɗanda ba sa saurin canzawa ne, kamar gida ko fili. Tsohon jirgin da ke nesa ba ya cikin waɗannan. Haka kuma wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, mai saye kuma yana da haƙƙin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Talla ta gaskiya ita ce wadda ta faɗi tsawo da faɗi, irin katako, shekarun jirgi, inda aka taɓa yi masa faci, da garin da yake.

Idan an sallama, sai a rubuta takardar ciniki mai ɗauke da sunayen ɓangarorin biyu, siffar jirgi, lambar inji, kuɗin da aka biya da kwanan wata, shaidu su sa hannu. Ya fi kyau a yi ta da sanin Sarkin Ruwa ko mai unguwar wurin da jirgin ya fito, domin karɓar kayan sata laifi ne a doka.

Doka da kare rayuka

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ita ke da alhakin rajistar jirage da duba lafiyarsu. Ƙa'idojinta sun wajabta rigar kariya ga fasinja, sun hana lodin da ya wuce kima da tafiyar dare. Dalilin tsaurin ba ɓoyayye ba ne. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 100 ya dare a Kogin Kwara kusa da Wara ta Jihar Kebbi. A ƙarshen Nuwamba na shekarar, aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, suka rasu a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano. A watan Agusta na 2024 wani kwale-kwale ya kife a Nahuce ta Ƙaramar Hukumar Taura, cikin Masarautar Ringim, aka rasa rayuka. Tsufan jirgi da yawan lodi su ne dalilan da hukumomi suka fi ambata a irin waɗannan haɗurra.

Ma'aikatar harkokin teku ta tarayya, wadda aka ƙirƙiro a 2023, tana kira da a riƙa maye gurbin jiragen katako na haya da na faiba da na ƙarfe. Duk inda aka yi irin wannan sauyi, tsofaffin jiragen da aka ajiye na iya komowa kasuwa da araha, kuma shafin talla ba ya tambayar dalilin da ya sa aka ajiye su. Saboda haka wanda zai yi fito ya kamata ya sa kuɗin gyara da na rigunan kariya cikin lissafinsa tun farko.

Intanet ta sauƙaƙa nemo jirgi da kwatanta farashi, kuma nan amfaninta ya tsaya. Sauran ciniki a bakin ruwa ake ƙarasa shi, da kafinta da shaidu da takarda. Biyan kuɗin jirgin da ba a kife an duba ba, ba a kuma gwada shi da kaya a ruwa ba, cinikin biri a sama ne, kuma asararsa ba ta tsaya ga aljihun mai saye kaɗai ba, har da fasinjojin da za su hau.