Shirin Musamman: Tarihin Valles Caldera a Bakin Tsoffin Taswirori

A tsaunukan Jemez da ke jihar New Mexico ta Amurka, akwai wani makeken kwari mai suna Valles Caldera. Dutse mai aman wuta ne ya rufta a wurin, shekaru fiye da miliyan ɗaya da suka wuce, ya bar fili mai ciyawa wanda daji ya kewaye. Tsoffin taswirorin wurin suna nuna abin da mutanen kowane zamani suka nema a cikinsa.

Buƙatar farko ita ce iyaka. A 1860 majalisar dokokin Amurka ta ba magadan Luis Maria Cabeza de Baca damar zaɓen fili, suka zaɓi wannan kwarin, a 1876 kuma aka yi safiyo. Kwarin zagayayye ne, amma masu awo suka zana masa iyaka mai kusurwa huɗu, kusan eka dubu 100, ba ruwansu da inda tudu ko rafi ya bi. Layukan ba su yi la'akari da al'ummar Jemez Pueblo ba, waɗanda tsaunin Redondo ke da tsarki a wurinsu tun kaka da kakanni.

Daga nan sai zamanin kiwo. A 1926 filin ya koma hannun iyalin Frank Bond, masu garken tumaki, daga baya shanu suka maye gurbin tumakin. Abin da makiyayi ke dubawa a taswira shi ne mashaya, shinge da hanyar da dabba za ta bi.

Masu yankan katako su ne suka fi barin tabo. Kafin a daina sara a farkon shekarun 1970, an fasa hanyoyin mota da tsawonsu ya haura kilomita 1,600, suna naɗe duwatsu kamar rawani. Har yau ana ganinsu a hotunan da ake ɗauka daga sama.

A shekarar 2000 gwamnatin tarayya ta sayi filin kan dala miliyan 101, a 2015 kuma ya koma ƙarƙashin hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa. Taswirar yau tana nuna hanyoyin masu yawon ƙafa da keke, da rafukan kamun kifi, da wuraren farauta. Masu bincike kuwa suna ɗora sabuwa a kan tsohuwa, don su gane inda daji ya farfaɗo da inda itatuwa suka cinye filayen kiwo.