Hanji da hanta: abin da funfuna ke nuna wa likita

Jinin da ya baro hanji, hanta yake fara isa. Don haka abin da ke zaune cikin hanji ya shafe ta. A shekarar 2017, masu bincike na jami'ar Kaliforniya a San Diyego suka gano cewa funfunar da ake kira Kandida tana yawaita a hanjin mashaya giya masu ciwon hanta, har ta danne sauran ire-irenta. Cikin waɗanda hantarsu ta ƙeƙashe, waɗanda jininsu ya nuna jiki na yaƙi da funfuna sosai sun fi saurin mutuwa.

Wannan bai zama awon asibiti ba tukuna. Don gano sankarar hanta da wuri, mai ƙeƙasasshiyar hanta yana bukatar ekogarafi kowane wata 6, sau da yawa tare da awon jini na AFP, tun ciki bai kumbura ba.