Ƙuduji da Sinadaran da ke Toshe Masa Kunne

Manomin gero da dawa a Riko, a ƙasar Jibiya, ya san ƙuduji tun kafin ya ga furensa, domin shuka takan tsumbure ta yi kamar wuta ta lashe ta. Watakila daga nan sunan wuta-wuta ya samo asali. Abin da ido ba ya gani shi ne yadda irin wannan ciyawa yake gane cewa hatsi ya iso kusa da shi.

Irin ƙuduji yakan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10 bai tsiro ba. Sai saiwar gero ta tsatso wani sinadari, sitirigolakton, sannan ya farka. An fara gano irin wannan sinadari a 1966, a jikin saiwar auduga. Shuka kuwa takan ƙara fitar da shi idan ƙasa ta rasa fosforas, abin da ya yi daidai da lurar manoma cewa ƙuduji ya fi addabar gajiyayyar gona.

A cikin ƙwayar irin akwai furotin mai karɓar saƙon. A 2015 masana a Jami'ar Toronto ta Kanada suka nuna cewa ɗaya daga cikinsu, ShHTL7, yana jin saƙon ko da ɗan mitsitsi ne. Shekara guda bayan haka suka bayyana soforidin, sinadarin da ke manne wa irin waɗannan furotin ya hana su aiki. Amfaninsa na farko a ɗakin bincike yake: in an toshe furotin, iri ya ƙi tsirowa, an sami hujjar cewa ta nan saƙon ke bi.

Wahalar ita ce gero da dawa su ma suna amfani da sitirigolakton wajen daidaita 'ya'yan da gindi ke fitarwa, ta wani furotin ɗan'uwa mai suna D14. Sinadarin da bai bambance su ba zai taɓa amfanin gona.

A ganina, toshewa jinkiri ce kawai a gona, tunda irin yana nan kwance yana jiran wata damina. Masanan Jami'ar Nagoya ta Japan sun bi akasin wannan hanya a 2018 da sinadarin SPL7, wanda ke yaudarar irin ya tsiro babu hatsi a kusa, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Manomin da ke juya gonar dawa zuwa auduga dabarar da yake yi ke nan.