Ladubban Shiga Ruwa, Daga Tafkin Siminti Zuwa Bakin Gulbin Kebbe

Mutanenmu da suka je karatu Ingila, ko suka zauna manyan birane irin su Ikko da Kaduna, sukan ba da labarin wani irin tafki da ake ginawa da siminti musamman domin iyo. Irin wanda ake gasar duniya a cikinsa tsawonsa mita 50 ne, faɗinsa mita 25, an kuwa raba shi layi 10 da igiyoyi masu yawo bisa ruwa, kowane layi mita biyu da rabi. Ran gasa kowane gwani da layinsa, ba mai taɓa wani. Amma sauran ranaku, sa'ad da aka buɗe wa jama'a, sai ka tarar da mutum biyar ko shida cikin layi guda, kowa ya biya kuɗinsa, kowa kuma yana ganin shi ya fi kowa cancanta. To, nan ake yin ta.

Don gudun rikici sun tsara ladubba. In mutum biyu ne cikin layi, sai su raba shi, kowa ya riƙe gefe guda. Da zarar sun kai uku sai a koma kewaye, watau a tafi ta wannan gefe a komo ta wancan, kamar yadda motoci ke yi bisa titi. Akan kafa allo a bakin kowane layi, wannan na masu sauri, wannan na matsakaita, wancan na masu nawa. Wanda ya cim ma na gabansa ba ya hawa kansa, sai ya taɓa masa ƙafa sau ɗaya, shi kuwa in ya isa bango ya raɓe ya ba shi hanya. Mai son hutawa ya koma kusurwa. Sabon zuwa kuma ba ya faɗawa ruwa sai ya bari na ciki sun san da shi, abin da mu za mu kira sallama.

Duk da haka ƙorafi bai ƙare ba. Akwai wanda yake shiga layin masu sauri alhali kuwa iyonsa na kwaɗo ne, in an taɓa masa ƙafa sai ya ƙara wuntsila don kada a ce yaro ko mace ta wuce shi. Akwai masu tsayawa a tsakiyar bango suna hira kamar a kasuwa. Akwai kuma gwanin da yake ratsa mutane yana watsa musu ruwa a fuska, a ganinsa gwaninta ta ba shi iko.

Watakila mai karatu na Tambuwal ko na Kebbe ya ce, me ya gama kifi da kaska? Mu da ba mu da tafkin siminti, ina ruwanmu da igiyarsu? Mu dai a ganinmu matsalar guda ce, watau ruwa kaɗan, masu bukata da yawa, wasu kuma sun fi wasu ƙarfi. Sai dai su abin da sukan yi hasara shi ne jin daɗin rabin sa'a. Mu kuwa a nan lafiya ce, wani lokaci ma rai.

Gulbin Zamfara yana gangarowa ta ƙasar Gummi, ya ratsa ƙasar Kebbe, ya wuce Jega kafin ya haɗu da Gulbin Kabi. Da damina ya cika ya batse, ba mai maganar rabo, maganar da ake yi ita ce yadda za a haye lafiya. Amma in rani ya yi nisa, daga wajen Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa, sai gulbi ya janye ya bar yashi da guraba nan da can. A ƙasar Tambuwal kuwa, ban da manyan tafkuna irin na Romo, ƙauyuka da yawa sun san kududdufi da tafkin fadama waɗanda kowace rana suke ƙara tsukewa. A wannan ɗan ruwa ne mai tulu za ta ɗiba, mai wanki ya yi wanki, yara su yi kurme, makiyayi ya shayar da garke, mai tubali ya kwaɓa ƙasa, mai rama ya jiƙa ramarsa, masunci kuma yana tsaye yana kallon kowa da jan ido don ana korar masa kifi.

Magabatanmu ba su ja igiya ba, amma sun yi layi. Inda ruwa yake gudu, gudun ruwan shi ne ma'auni: ɗibar ruwan sha can sama wajen da ruwa ke fitowa, wanka a ƙasa da shi, sa'an nan wanki, dabbobi kuma can ƙarshe, domin ƙazantar kowa ta bi ruwa ta wuce ba tare da ta shiga tulun wani ba. Wurin wankan mata daban, na maza daban, namiji mai mutunci kuwa in hanya ta bi da shi kusa da na mata yakan yi gyaran murya tun daga nesa. Inda ruwa yake tsaye, babu sama babu ƙasa, sai aka raba da lokaci da gefe: masu ɗiba su yi sammako tun ruwa yana kwance bai gurɓace ba, shanu su zo da hantsi ta mashayarsu, su bi burtali su koma. Addini ma ya ƙarfafa wannan, gama an hana yin bawali cikin ruwan da ba ya gudana, malamai kuma sun ce ƙishin mutum yana gaba da ban ruwan shuka.

Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne akwai mai tsawatawa. Sarkin Ruwa da manyan Sarkawa su ke cewa gurbi kaza an rufe shi, ba a su sai ran da aka buɗe. Wanda yake son ganin ƙarfin wannan al'ada sai ya dubi Argungu, wadda dā lardinmu ɗaya da ita, yanzu kuwa tana Jihar Kabi tun 1991. Bikin da aka soma a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, yakan tara dubban masunta a bakin Matan Fada, kowa da gora da homa, ga kifi yana motsi a gabansu, amma doka ita ce kada kowa ya tsoma ƙafa sai an ba da alama. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gadon 'yan Adam. Baƙi sukan yi mamakin girman giwan ruwa da ake fitarwa. Mu abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne kifin bai yi wannan girma ba sai don an hana kowa taɓa wurin wata da watanni.

To, me ya sa yanzu cacar baki ta yi yawa a mashaya? Jama'a ta ƙaru, dabbobi sun ƙaru, wannan kowa ya sani. Amma akwai wani sabon mai ƙarfi da ya shigo layi. Dā mai lambu da jigo yake ban ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya, komai himmarsa ba ya ƙarar da tafki. Tun da ƙananan injunan ban ruwa suka yaɗu, musamman bayan shirin Fadama na farko da aka soma wajen 1993, mutum ɗaya yana iya zuƙe cikin yini abin da unguwa za ta sha kwana da kwanaki. Ba mu ƙi noman rani ba, albasa da tumatir da shinkafa sun rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma lambu yakan yi ta matsowa har ya cinye burtali, makiyayi ya iso ya tarar da shinge a hanyarsa, sai ya karkata da shanu ta wurin ɗibar mata. Gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya tun 1965, amma dokar da ke cikin takarda a ofis ba ta tsayawa a bakin tafki da azahar. Ga kuma masu zuba guba irin Gamalin don kifi ya taso, waɗannan kam ba ladabi suka rasa ba, imani suka rasa.

Wanda yake biyan wannan bashi shi ne mafi rauni. Malaman makaranta sun san tsargiya, sun kuma san har yanzu akwai iyayen da suke ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya soma girma. Ciwo ne. Mai shi in ya yi fitsari cikin tafki, ƙwayayen tsutsa su shiga ruwa su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa su hayayyafa, su fito su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki. Akwai magani, ana kuma raba shi a makarantu lokaci lokaci, amma yaron da ya sha yau, gobe ya koma tafkin da abokinsa ya ɓata, aiki ya koma baya.

Kada wani ya ce ladabin bakin ruwa ƙaramin abu ne da ba ya maganin komai. Mu tuna kurkunu. A ƙidayar da aka yi a 1988 an sami mutum fiye da 650,000 masu ɗauke da shi a Nijeriya. Ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar da ke kashe shi. Abin da aka yi shi ne a tace ruwan sha da ƙyalle, a gina rijiyoyi, a zuba magani a wasu tafkuna, a kuma hana mai kurkunu a ƙafa shiga ruwa, ya tsaya a tudu wani ya ɗebo masa. Mutanen ƙauye su suka tsare wannan doka da kansu. An ga na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da shi.

Saboda haka muna kira ga malamai, musamman waɗanda suka fito kwaleji kwanan nan aka tura su ƙauyukan Kuchi da Dogon Daji da Jabo da makamantansu. In an zo darasin labarin ƙasa, kafin a kai yara kogin Nilu a kan allo, a kai su bakin ruwan garinsu. Su zana taswirarsa, su sa alama inda ake ɗiba, da inda ake wanka, da inda shanu ke shiga, da gurbin da ke da zurfi wanda ƙaramin yaro bai kamata ya kusanta ba. Su tambayi tsofaffi yadda aka raba wurin a dā. Sau da yawa za a tarar tsarin yana nan a bakin dattawa, sai dai ba a gaya wa na baya ba. Babban yaro wanda ya iya iyo a koya masa cewa ba a danna ƙarami cikin ruwa da sunan wasa, in kuwa zai yi tsalle daga gaɓa ya duba ƙasa tukuna.

Su kuma akawuna da ma'aikatan ƙaramar hukuma, aikinsu bai fi na kafa allon nan na bakin layi ba. Kafin ruwa ya janye, tun wajen Disamba, a zauna da hakimi da dagatai da Sarkin Ruwa da arɗon Fulani da masu injuna, a kuma nemi ta bakin matan da ke ɗiba, gama su suka fi kowa sanin wurin. A kafa turaku a mashaya da burtali, a yanka sa'o'in da inji zai yi aiki, a rubuta, a ba kowane ɓangare takardarsa, a ajiye guda a ofishin hakimi.